Ƙashin Jita a Miyar Suruki

Abin wajen santimita 4 ne kawai. Yana can saman wuyan jitar bes, inda tsirkiyoyin nan huɗu suke hawa kafin su isa maɗaurinsu, kowace da tsagarta. Nawa na roba ne, hunturu ya busar da shi, ina ɗaure babbar tsirkiya ya ce ɓas. Na zaga shagunan kayan kiɗa a Sabon Gari, duk wanda ya duba sai ya ce in sayi sabuwar jita.

Tun 1951 da Leo Fender ya fito da Precision Bass a Kalifoniya ake ta sake wa wannan jita fasali, amma har gobe masu gyara ƙashin saniya suke yabo a wannan gurbi, don yana da tauri, tsirkiya ba ta saurin cin sa, kuma ba ya shanye amo. Turawa da dala suke sayensa. Ni kuwa ina Kano, ga kwata nan. Na sayo ƙwauri, na zuƙe ɓargon, na dafa, na yanka da zarto, na bi da magagari da sanfefa har gidan ya ɗau ƙauri. Tsagar babbar tsirkiya kusan milimita 3 take so. In ta zurfafa, tsirkiya ta dinga karkarwa a kan ƙarafan wuya. In ba ta kai ba, yatsu su ji jiki. Tsagogin duka huɗu sun fita tsaf. Maiƙo ne kawai ya ƙi ƙarewa, kuma gam ba ya kama ƙashi mai maiƙo, shi ya sa na mayar da shi ƙaramar tukunya ya ƙara tafasa.

Duk wannan aiki a gaban maƙwabcina na yi shi, tsohon direba, wanda tun da ya ajiye sitiyari ya koma ba da shawara kyauta. Ya ce, "Kai yaro, wahalar banza kake. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya a kan gwangwanin kifi ya zaga duniya. Kai huɗu gare ka, ko Wudil ba su kai ka ba. Cire uku ka huta." Na ce ko ɗayar ai sai da abin hawa. Ya ce to a sa tsinken tsire.

Ana haka sai ga sallama. Baban maiɗakina ne daga ƙauye, ba sanarwa. A wurin Baba ni mai gyaran waya ne, da wannan sana'a aka ba ni 'yarsa, kuma da an ce masa ina kiɗa a wajen biki, da ko ƙofar zaure ban gani ba. Na tura jitar ƙarƙashin gado, na fita sayo lemo. Ita kuwa maiɗakin ta shiga kicin a gaggauce, ta tarar da ruwan ƙashi yana tafasa, ta ce Allah ya kawo sauƙi, ta zuba daddawa ta kaɗa kuka.

Aka kai tuwo zaure. Baba da maƙwabcina suka sa hannu, ni ina tsugune daga bakin ƙofa, kai a ƙasa, riƙe da buta. Loma ta yi loma, sai na ji ƙaras!

Ba ƙarar tsakuwa ba ce. Na san wannan ƙara, don da ita nake gwada ƙashin a kan siminti in ji ko ya yi. Baba ya tsaya da tauna. Kumatunsa ya motsa hagu, ya motsa dama. Ya tsotsa, wallahi ya tsotsa, har da lumshe ido, saboda mutumin ƙauye ba ya wulaƙanta ƙashi. Sannan ya sa yatsu biyu ya zaro shi a hankali, kuka tana bin sa da yauƙi, ya ɗaga shi wajen haske. Fari tas, mai kusurwa, a goge, ga tsaga huɗu a jere daga babba zuwa ƙarama. Abin da ya fara zuwa raina, Allah ya yafe mini, shi ne: kai, aikin nan ya yi kyau.

Baba ya ƙirga tsagogin da farce. Ya sake ƙirgawa daga ɗaya gefen. Ya ce, "Innalillahi." Bai dube ni ba, bangon da ke bayana ya duba, ya ce, "Wannan ba saniya ce ta haife shi haka ba. Hannu ya taɓa shi."

To, ga hanya biyu a gabana. In yi shiru, na zama surukin da ke sa wa uban matarsa asiri a miya. In yi magana, na zama makaɗi. Ina tsugune ina auna wanne Baba zai fi saurin yafewa, butar tana ta zuba a kan ƙafata ban sani ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Baba, a ƙaro miya?"

Nan maƙwabcina ya ga ya kamata ya cece ni. Ya karɓi ƙashin, ya goge a hannun riga, ya juya shi kamar mai sayen zinariya, ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka. Na yi tuƙi har Agadas, na ga irinsu. Na cuta tsaga uku ake masa. Mai huɗu ba ya kisa, na neman aure ne. Yaron so yake ya cike gida." Ya juyo ya kashe mini ido, wai ya gyara.

Daga bayan labule na ji ludayi ya faɗi.

Har yanzu in na rufe ido, tsotsar nan nake gani, da yadda haƙorin Baba ya zauna daidai cikin babbar tsagar, wadda na auna da tsirkiya ta shiga cif. Baba ya wanke hannu, ya naɗe ƙashin a hankici, ya sa a aljihun gaba, ya ce zai nuna wa malaminsa. Ko lemon bai sha ba. Da muka raka shi tasha, maƙwabcina ya raɗa mini cewa da na ji maganarsa na cire uku, tsaga ɗaya ce kawai za a gani, kuma tsaga ɗaya ta farin jini ce.

Maiɗakina ta san gaskiya sarai, amma ta ce ita ma tana jiran abin da malam zai faɗa. Ranar Asabar ina da biki, jitar tana ƙarƙashin gado da tsirkiyoyi a kwance. Wanda ke da ƙwaurin sa, kuma gidansa ba a miyar kuka, don Allah ya neme ni kafin Juma'a.