Malam Ya Tafi Ingila, Bulala Ta Zauna Gida

Tun watan Fabrairun 2023 da aka buɗe wa malaman Najeriya ƙofar neman lasisin koyarwa a Ingila, musamman masu lissafi da kimiyya da harsuna, ɗakunan malamai suka koma ofishin biza. Wanda a da sai an yi faɗa yake cika rajistar aji, yanzu shi ke kwana gaban kwamfuta, yana zaryar karɓo takardar shaida daga hukumar rajistar malamai, wato TRCN. Wasu sun dace, sun tafi. Abin da suka tarar ne ba a cika faɗa ba, domin hoton Facebook na tsayuwa cikin dusar ƙanƙara da ƙatuwar rigar sanyi ba ya magana.

Jarrabawar farko a filin jirgi take. Uwargida ta yi mako tana haɗa guzuri: kuka, yaji, busasshiyar kuɓewa, daddawa, da kilishi mai ɗan karen tsada. Ashe dokarsu ta hana shiga da nama daga irin ƙasashenmu. Malam yana ji yana gani jami'in kwastan ya ɗaga kilishin da yatsu biyu, ya ba shi haƙuri sau uku, ya jefa a kwandon shara. Daddawa ta tsira, kuma ita ta rama wa kilishi: ranar da Malam ya fara kaɗa miya, maƙwabcinsa ya ƙwanƙwasa ƙofa cikin ladabi yana tambaya ko wani abu ne ya mutu a cikin gidan.

Sai gaisuwa. Malam ya saba da ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aiki, ya muka ji da jama'a. A can kafin ya kai ga "ya iyali", abokin aikin ya sha kwana da kofin shayinsa. Da ƙyar ya gano cewa tambaya ɗaya ce ke tsayar da Bature: ya sanyi? Nan kam sai ka gaji da amsa.

Amma a cikin aji ne ake yin ta. A gida, takalmin Malam kawai ake ji a baranda aji ya yi tsit. A can ya shiga, ba wanda ya miƙe. Ya ce a buɗe littafi, wani ɗan shekara 13 ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Saboda me?" Hannun Malam ya tafi da kansa gefen tebur, inda bulala ke kwanciya shekara da shekaru, ya shafo iska. Tun dokar 1986 aka haramta duka a makarantun gwamnatin ƙasar, kuma ko kafaɗar yaro ka dafa da fushi, kana iya neman wani aikin. Horon da ya rage shi ne a tsare yaro bayan an tashi. To wa zai zauna gadinsa? Malam. Yaro ya yi laifi, Malam ya rasa motar ƙarfe huɗu, sannan ya zauna ya rubuta rahoto a kwamfuta da kalmomi masu taushi, kada ran wani ya ɓaci.

Ranar ganawa da iyaye ta fi ciwo. Uba a wajenmu cewa yake, "Malam, in ya ƙi ji a zane shi, ni na sa ka." A can uwa ce za ta zauna ta harɗe ƙafa, ta tambayi Malam wane mataki ya ɗauka don ɗanta ya so lissafi. Kuma ƙa'ida ce a fara da yabo. Malam ya dubi sakamakon yaron da ya ci 9 cikin 100, ya haɗiye yawu, ya ce yaro ne mai fara'a. Masu duba makarantu kuwa, wato Ofsted, galibi jajibirin zuwansu suke bugo waya, daga nan shugabar makaranta ba ta ƙara runtsawa. Malam ya tambaya wa zai sayo musu lemo da kaji, aka yi zaton barkwanci yake.

A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu. Ya fita da duhu, ya dawo da duhu, Azahar da La'asar kuma sun rungumi juna a tsakiyar darasi, sai dai ya shimfiɗa darduma a ɗakin ajiyar kayan kimiyya, kusa da ƙwarangwal ɗin roba.

Duk wannan bai shafi mutanen gida ba. Sun ji an ce tun 2023 albashin sabon malami ya kai fam 30,000 a shekara. Wani ƙane da bai taɓa cin lissafi ba ya ninka da farashin 'yan canjin Wapa, bai yi kuskuren ko sisi ba. Ragewa ce ba a koya masa ba: haraji, inshorar ƙasa, kuɗin haya, harajin ƙaramar hukuma, gas ɗin ɗumama ɗaki, har lasisin kallon talabijin. Waɗanda ke kiransa "Ticha" sun koma "Yallaɓai". Saƙon murya a WhatsApp kan fara da minti biyu na addu'a, a minti na uku rufin ɗaki ya yaye, ko an yi haihuwa, ko ana neman ɗan jari. Har wanda ya cinye masa zubin adashi ya aiko yana cewa zumunci ya fi kuɗi.

Shi ma Malam ba a bar shi a baya ba. Motar da yake jingina da ita a hoto ta maƙwabcin nan ce mai tsoron daddawa. Da ya zo hutun Agusta, kowace magana sai ta fara da "mu a can". Ya yi wa mai shayi lacca kan bin layi, ya tambayi yaran gida ina kwandon robobi, ina na takarda. Da aka ba shi katin ɗaurin aure mai cewa ƙarfe goma, goma daidai ta yi masa a ƙofar gidan, da babbar riga da agogo. Ya tarar uban amarya bai shiga wanka ba. Wani yaro ya leƙo, ya gan shi tsaye shi kaɗai, ya koma ciki da gudu yana cewa, "Baba, mai hayar kujeru ya iso."