Baƙin Dutse Iri-iri Ne

Duk wanda ya daɗe a Dutse ya zama ɗan rakiya, ko yana so ko ba ya so. Baƙo zai sauka, ya ci tuwo, ya wanke hannu, sannan ya ce, "To, me za ka nuna mana a garin nan naku?" Na sha wannan aikin kyauta har na kai ga gane baƙina tun kafin su buɗe baki.

Mafi wuyar sha'ani shi ne Bakano. Tun daga Kwanar Huguma yake fara tsaki, don har yau bai yafe wa Janar Babangida yanke Jigawa daga jikin Kano da ya yi ranar 27 ga Agusta, 1991 ba. Ka kai shi Garu, tsohon gari inda fadar Sarki take a tsakiyar duwatsu, sai ya taɓe baki ya ce, "Ba laifi, amma ka taɓa shiga Gidan Rumfa?" Ka nuna masa dutse, ya kawo maka zancen Dala. Na taɓa tuna wa wani cewa sai da Sarkin Kano Kumbari ya fito yaƙi da kansa kafin ya iya da Ada na Dutse. Buɗar bakinsa sai ya ce, "Ka ga kenan mun ci ku." Amma bari yamma ta yi, iska ta kaɗo, babu cunkoso babu hayaƙin Adaidaita Sahu. Shi ne zai ja ka gefe, murya ƙasa-ƙasa: "Malam, nawa fuloti yake a nan?"

Sai Hajiya mai waya. Ita ba ta zo ganin wuri ba, ta zo wuri ya gan ta. Mun je Birnin Kudu da wata don ta ga zanen mutanen da a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, shanu masu dogon ƙaho marasa tozo, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru a jikin dutse, rana ba ta goge su ba, damina ba ta wanke su ba. Hajiya ta tsaya daidai gabansu ta baza mayafi, aka ɗauki hoto ashirin, babu saniya ko ɗaya a ciki. A wurin akwai duwatsun da in an ƙwanƙwasa suke amsawa kamar ƙararrawa. Waɗannan ta so su, don sun dace da bidiyo.

Alhaji mai babbar riga kuwa rantsuwa yake yi sai ya hau har ƙololuwar dutse, wai yana yaro ko akuya ba ta fi shi hawa ba. Taku talatin, sai ya nemi inuwa ya ce ai daga nan ma ana ganin komai.

Ɗan taron bita bai san Garu ba, bai kuma nemi ya sani ba. Daga otal sai zauren taro, daga zauren taro sai layin alawus. Ranar tafiya zai tsaya a bakin titi ya sayi dabino leda biyu, bai tambaya ko na Dutse ne ko na Agadas ba, ya koma Abuja yana ba da labarin Jigawa kamar a nan aka yanke masa cibiya.

Wanda nake tausayi shi ne ɗan bautar ƙasa daga Kudu. Ya iso sansanin Fanisau da tsammanin rairayi da raƙuma, sai ya tarar da jami'ar tarayya da aka kafa a 2011, da filin jirgin sama, har da filin golf. Bayan wata uku ya fi ni sanin inda ake dama fura mai kyau.

Kada in yi son kai, mu 'yan rakiya ma muna da namu. Tarihin baka ya ce wani maharbi ne ya tarar da gada da yawa a nan, shi ya sa ake cewa Dutse Gadawur. A bakin wani abokina, gadan nan kullum ƙaruwa suke yi gwargwadon girman motar baƙo.

In za ka zo, ka daidaici hawan Sallah, ko ranar Litinin mu leƙa kasuwar Shuwarin. Ka sa takalmin da zai iya dutse. Dala kuma ka bar ta a Kano, ba mai ɗauke ta.