Yadda za ka mai da dogonka mai rabon ƙwallo ba tare da fada ta kore ka ba

Kai mai kulob a BuzzerBeater, wasan nan na intanet da mutum ke jagorantar ƙungiyar ƙwallon kwando daga salularsa, ka daina yanke wa yaro hukunci da tsawonsa. Da an ga ya haura mita 2 sai a dasa shi ƙarƙashin kwando, a ce nan Allah ya ajiye shi. Can zai tsufa yana tsalle, bai taɓa sanin daɗin miƙa wa ɗan'uwansa ƙwallo ba.

Dokar wasan mai sauƙi ce: horo gurbi yake bi, ba ruwansa da sunan mutum. Idan ka zaɓi horon rabon ƙwallo a gurbin lamba 1, wato na mai rabon ƙwallo, duk wanda ya tsaya nan minti 48 cikin mako shi ke samun cikakken horo ranar Juma'a, ko da kansa na gogar rufi. Wasa uku ake yi a mako, kowanne minti 48, wato gurbi ɗaya mutum uku yake ɗauka. Ka buɗe horon ga gurbi biyu, mutum shida za su samu, amma kowa kaɗan-kaɗan, kamar a saki ruwan dam ɗin Mozage ga dukkan gonakin Konni a lokaci guda. Ni dai na fi son mutum uku su ƙoshi.

To, ka ajiye wasan Talata da na Asabar don neman maki. Na Alhamis, idan na sada zumunta ne, shi ne makarantar dogonka. Ka rubuta sunansa a lamba 1 sau uku: shi ne mai farawa, shi ne mai canji, shi ne mai canjin mai canji, don kada koci ya ji tausayinsa ya fitar da shi. Sannan ka yi masa addu'ar kada ya yi laifi shida, domin da ya cika su waje zai yi, mintocinka kuma su bi iska.

Za ka sha kashi, ka sa wannan a ranka. Dogon zai riƙa jefa ƙwallo hannun abokan gaba kamar ya ci bashinsu, kuma kafin shayi na biyu ya sauka labari ya zaga fada. Kada ka yi fushi. Ka karɓi kofinka, ka kurɓa, ka ce: "Malam, ka san Magic Johnson?" A 1980, da Kareem Abdul-Jabbar ya ji rauni, Magic mai rabon ƙwallo ne ya tsaya a gurbinsa a wasa na shida na ƙarshen gasar NBA, ya ci maki 42, ƙungiyarsu ta Lakers ta ɗauki kofi. Idan ba su yi shiru ba ka ƙara musu da Nikola Jokić, dogon Sabiya da sai a zaɓi na 41 aka ɗauke shi a 2014, ga shi rabon ƙwallonsa ya kai Denver ga kofi a 2023. Hakeem Olajuwon kuwa, ɗan Legas, gola ne a ƙwallon ƙafa kafin ya taɓa ta kwando.

Wannan aiki da ɗan shekara 18 ko 19 ake yin sa. Wanda ya kai 30 ka bar shi inda ka same shi, ka girmama furfurarsa.

Sauran magana ta salula ce. Ka jera 'yan wasanka na Alhamis tun daren Talata, don Laraba kasuwar Konni ce, ba za ka tuna ba. Mai ban ruwan albasa a Galmi da mai lodin siminti a Malbaza su jera kafin su fita, mutumin Illela kuma ya cika batir tun da sauran wuta. Kai da ke kusa da iyaka, duba da kyau kada layinka ya tsallaka Najeriya ya cinye maka kuɗi kana tsakiyar canji.

Ku kuma malamai masu horar da yara a filayen makarantunmu, don Allah idan dogon ajinku ya ce yana son ya ja ƙwallo daga baya, ku ba shi ko da minti goma ne a kowane atisaye.