Ɗabaƙoƙin Masu Kallo a Bisa Teku

Maginan jiragen ruwan shaƙatawa na wannan zamani ba su bar wani abu da zai ɗebe wa ɗan Adam kewa ba face sun cusa shi a ciki, tun daga gidan wasan kwaikwayo da tafkin wanka da ɗakin caca har zuwa filin zamiya a kan ƙanƙara, har ta kai irin su Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 kuma kowa ya sami abin da zai shagaltar da shi. Amma duk da haka, wanda ya taɓa zaga Bahar Rum a ɗayansu, daga Barsalona zuwa Marsai da Jenowa har ya gangaro Malta, zai shaida cewa akwai jama'a mai yawa da babu abin da ya mallake zukatansu kamar ɗan akwatin talabijin ɗin nan da aka kafe a bangon ɗakin kwana. Su ma ɗabaƙa-ɗabaƙa ne, kowace da mazhabarta.

Shehinsu, wanda na fi daɗewa a hannunsa domin Allah Ya haɗa mu teburin cin abinci guda, shi ne ma'abocin tashar taswira. Dattijo ne ɗan ƙasarmu, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda 'ya'yansa suka yi karo-karo suka kama masa ɗaki mai baranda domin ya sha iskar teku, shi kuwa ya ja labule ya rufe barandar, wai haske yana hana shi ganin rubutu. Tashoshi biyu kaɗai ya sani, wadda ke nuna ɗigon jirgi yana rarrafe a kan taswira tare da saurinsa da inda ya dosa da ƙarfin iska, da kuma wadda ke nuna abin da kyamarar gaban jirgi take gani, wato ruwa. A gabansu yake yini, kamar gardi gaban allonsa, da ɗan littafi da biro, yana tattara alƙaluma waɗanda ba wanda ya aike shi nemansu. In an zauna cin abincin dare, tun ba a kawo burodi ba zai gyara tabarau ya ce, "Malam, ka lura kuwa mun rage gudu tun azahar? Da muna mil 20 a sa'a, yanzu 16. Kuma fa mil na teku daban yake da namu, mita 1,852 ne cif." Sai in ce na sani, Alhaji, domin ya riga ya karantar da ni wannan darasi jiya da shekaranjiya. Na taɓa gwada yi masa bayanin cewa da gangan ake rage gudu, tunda an yanka wa jirgi lokacin shiga tasha da asuba kuma gaggawa ba ta ƙara komai sai shan mai; ya dube ni da tausayi, ya ce irin uzurin da direbobi suke kawowa ke nan, da a zamaninsa ne da kyaftin ɗin nan ya karɓi takardar gargaɗi.

Sai dai a yi masa adalci, da shi muka dogara wajen alƙibla. Malaman Malikiyya sun ce mai salla a jirgin ruwa ya fuskanci alƙibla, in jirgi ya juya shi ma ya juya matuƙar da hali, Alhaji kuwa ya riƙi mas'alar nan gam har ya naɗa kansa muftinta. Da lokaci ya yi wayar ɗaki za ta yi ƙara: "Malam, alƙibla ta koma wajen madubi." In na sallame na naɗe dardumata sai ta sake ƙara, ya ce jirgi ya ɗan karkata ina cikin raka'a ta uku, ko zan sake don ihtiyaɗi. Ranar da muka shiga babbar tashar Baleta ta Malta da sanyin safiya, jama'a duk sun hau bene suna ta'ajibin ganuwoyin dutsen da suka kewaye mashigar, shi yana ɗaki. Da na ce masa ya yi asarar kallo, ya ce ai ya riga mu gani, tunda kyamarar tana can gaba mu kuwa muna baya. Har yau ban sami hujjar da zan kayar da shi da ita ba.

Sauran ba sa bukatar dogon sharhi. Akwai mai son ƙwallo, wanda hoto kan yanke masa daidai lokacin bugun fanareti saboda jirgi ya karkata ya rabu da tauraron ɗan Adam, sai ka gan shi a kantar karɓar baƙi da gajeren wando yana neman a tsayar da jirgi. Akwai mai hisabi, wanda tasharsa ita ce shafin da ke nuna abin da aka rubuta masa na kashewa. Yakan buɗe ta safe da yamma, ya yi salati kan kuɗin tukuicin ma'aikata da ake ƙara masa kullum, sa'an nan ya fita ya sayo kofi mai tsada don ya huce. Akwai mai tsoron nutsewa, wanda tun da ya ji labarin Costa Concordia da ya kife a gaɓar tsibirin Jiliyo a Janairun 2012 mutum 32 suka halaka, ya mai da fim ɗin koyar da sa rigar ceto wuridinsa, kuma in ka yi masa sallama sai ya tambaye ka busa nawa ce alamar haɗari. Bakwai gajeru ce da ɗaya doguwa, ka haddace ka huta. Akwai kuma baiwar Allah mai takardar shirin yini, wadda ba ta kallon talabijin sai da asuba don ta ji abin da shugaban nishaɗi zai sanar, daga nan ta yi ta sa'ayi tsakanin kacici-kacici da darasin rawa da koyon naɗe tawul ya zama giwa, har ta koma gida tana bukatar hutu.

Waɗanda suka fi ba ni dariya su ne masu jiran ganin kansu. Jirgi yakan ɗauki hoton shagulgulan dare ya yi ta maimaita shi a tasha guda, sai ka tarar da mutum mai furfura ya share sa'a guda yana dakon daƙiƙa uku da kyamara ta gifta ta kansa yana tafi. Abin kunya ne ƙwarai. Ni dalilina daban ne, so nake in tabbatar hulata ta zauna daidai, kuma tabbaci irin wannan ba ya samuwa da kallo ɗaya.

Duk waɗannan na yafe musu, har ina kewar wasunsu. Wanda ban yafe wa ba shi ne maƙwabcina na ɗakin dama. Talabijin ɗinsa ya ƙi kamawa, ya fito lungu yana ƙyasta yatsu yana kiran mai gyaran ɗaki, wani yaro mutumin Filifin, irin waɗanda kan yi wata shida zuwa tara a ruwa ba su ga iyalinsu ba, suna gyara gadaje tun safe har dare. Ya wurgar da rimot a ƙasa ya sa yaron ya durƙusa ya ɗauko, ya ɗaga murya yana lissafa kuɗin da ya biya, ya ce zai soke tukuici kuma zai rubuta sunansa a takardar ƙorafi, alhali ya san sarai cewa a kan irin wannan takarda ake auna ma'aikaci. Yaron bai ce uffan ba. Ya nemi izini ya karɓi katin ɗakin, ya zura shi a ramin da ke bakin ƙofa, wuta ta kawo, akwati ya kama. Ko na gode bai samu ba, balle a yi haƙuri. An dai rufe masa ƙofa a fuska, kuma daren nan har asuba bango yana rawa da ƙarar fim ɗin harbe-harbe.

Mai karatu, in tafiya ta haɗa ka da wannan mutum ka same shi yana danna rimot a cikin duhu, kada ka nuna masa ramin katin.