Cije Batirin Kawai

Da na san surukina zai zo ranar Asabar, wallahi da ban taɓa kwamfuta ba daren Juma'a.

Abin da na ƙulla bai taka kara ya karya ba. Talabijin na zamani, muddin Wi-Fi ɗaya ya haɗa shi da kwamfuta, yana jin umarni ko babu rimot. Ka nemo adireshinsa na IP a rauta, irin mai farawa da 192.168 ɗin nan, ka tura masa sunan maɓalli, sai ya yi kamar yatsa ne ya danna. Ko a kashe yake, akwai saƙon da ke tashe shi, wanda ke nanata lambarsa ta MAC sau 16. Sai na rubuta 'yan layuka da Python: ƙarfe 5 na yamma a kunna shi, a yi ta ƙara murya, in bai amsa ba a sake tashinsa, don saƙon farko kan ɓace a hanya. Layin da zai ce “in murya ta kai 15 a tsaya” kuwa, barci ya ɗauke ni na ce sai da safe.

Bayan La'asar Baba ya iso, tare da ƙaninsa, Kawu. Aka ci, aka sha, ina durƙushe a gefen kafet, kaina a ƙasa. Baba ya gyara zama, ya ɗaga hannu. Muka ɗaga.

“Allah Ya ba ku zaman lafiya.”

“Amin.”

“Allah Ya ba ku zuri'a ɗayyiba.”

Sai bango ya yi haske.

Tashar da na kwana a kanta ce, ta finafinan Indiya. Ga budurwa cikin sari tana tiƙar rawa a ruwan sama, saurayi na zagaya ta, duk wannan daidai saman hular Baba. A ƙasan allon kuma lamba na tafiya: 12, 13, 14. Da ta kai 15 har na sauke ajiyar zuciya, na manta ban rubuta layin ba. Ta wuce ko waiwaye babu.

Wannan wurin nake ta maimaitawa a raina har yanzu. Ba wanda ya isa ya sauke hannu, tunda ba a shafa ba. Baba kuma ba mutumin da zai katse addu'a saboda ganga ba ne, sai ya ɗaga murya. Talabijin ya kai 40. Baba ya ƙara. Ya kai 70. Jijiyar wuyan Baba ta miƙe, yana roƙa mana tsari daga fitinar zamani, fitinar zamani na karkaɗa ƙugu a bayansa. Ni kuma, da ko sunansa ban taɓa kamawa ba don kunya, ga ni ina kwarara masa “AMIN!” a fuska kamar kwandastan da ke kiran fasinja a tasha.

Ana shafawa na dira kan rimot. Na rage murya, ta koma. Na kashe, ya yi shiru na ɗan lokaci, ya farka. Soket? Yana bayan talabijin, manne da bango, ni na biya a ɓoye shi don ado. Wutar da kullum sai an ɗauke, ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba.

“Batir ne,” in ji Kawu, cikin ihu. “Ciro ka cije shi.”

“Kawu, ba rimot ba ne, kwamfuta ce.”

“To ita ma ciro nata ka cije.”

“Ai ba ya ciruwa.”

“Fita ka juya eriya.”

“Ba shi da eriya, Kawu.”

“Shi ya sa! Wa ya taɓa sayen talabijin ba eriya? Namu na da, mari ɗaya a ƙeya yake nutsuwa.”

Ya miƙe yana naɗe hannun riga. Na sha gabansa, don allon kuɗin wata uku ne. Ya fizge rimot, ya zazzage batiran, ya gasa wa kowanne cizo, ya murza su a tafin hannu, har da ɗan hura musu iska.

A daidai lokacin na hango hannun maiɗakina ya fito ta bayan labule, ya zare wayar rauta, ya koma. Umarni ya yanke.

Kawu ya mayar da batiran, ya miƙa hannu, ya danna. Ɗif.

Ya dube ni, ya dubi Baba, ya ajiye rimot ɗin a hankali.

“Yaya, yaron nan yana da hankali,” ya ce. “Boko ne kawai ya yi masa yawa.”