Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Fansho, Daga Tsallaken Kogi

Ranki ya daɗe,

Da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Alhaji Garatuti, duk inda kuka shige. Daga Kakuri nake rubuto miki. Na ga ya dace in fara da kwatance, domin ga alama direbanki bai san hanya ba. In kin wuce filin wasa na Ahmadu Bello, sai ki hau gada ki miƙe. Kina tsallakawa kin iso mu: Kakuri, Makera, Barnawa, Nasarawa, har Sabon Tasha. Kada ki ji tsoron kogin. Kadojin sun daɗe da yin ritaya, su ma ba a biya su ba.

Da can kin san unguwar nan, ko aƙalla ana kiran sunanki a cikinta. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar KTL, sannan Nortex da Arewa da UNTL suka biyo baya. Jiniya na kaɗawa titi ya cika da kekuna, masu fita aiki na gogayya da masu shiga. A bakin ƙofa kuwa mata ne jere da tukwanen shinkafa da wake, kowacce da ɗan littafinta na bashi, ana ci ana rubutawa sai ƙarshen wata. Daga baya wuta ta gagara, baƙin mai ya yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa. A 2002 aka garƙame KTL, sauran suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Mazan suka dawo gida da alƙawarin cewa ke da Alhaji kuna tafe. Da yawansu har aka kai su makwanci ba su ga ƙeyarku ba, matansu suka gaji takardun, suka gaji jiran.

To wa ya riƙe gidajen tun daga lokacin? Ki zo da asuba ki gani. Akwai wata dattijuwa a layinmu, gwiwarta ɗaure da tsumma, hayaƙi ya rine mata ido, tana tsoma ƙosai da hannu ɗaya tana korar jika daga bakin murhu da ɗayan. Da kaskon nan ta biya haya, da shi ta kai ɗanta har ya gama kwalejin kimiyya da fasaha. Irinta ba sa ƙirguwa: masu awara, masu kunu, masu gwanjo a kasuwar Litinin, masu wankau. Hajara ce ko Rifkatu, duk ciwon baya ɗaya suke kwana da shi.

Na san amsarki, domin ke mai bin doka ce. Dokar 2004 da aka sabunta a 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, ubangidansa ya ƙara kashi 10. Madalla. Sai dai dattijuwar nan ba ta da albashi, ubangidanta kuma kasko ne. Na tuntuɓe shi kan kashi goman, ya ce shi bai yi rajista da kowa ba. Za ki kuma ce ai a 2019 kin aiko ƙanwarki, ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu, kowa ya riƙa jefa abin da ya samu. Ranki ya daɗe, da me za a jefa? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ribar ƙosai a wurin mai wake da mai itace take kwana. Ɗan abin da ya rage uwar adashi ke karɓa, ita kuwa da ƙafarta take zuwa har ƙofar ɗaki, ba ta taɓa neman hoto ko zanen yatsa ba.

Abin da ya fi ba ni dariya, in dariya ce, shi ne littattafan gwamnati guda biyu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin 100. A farkon 2023 sai ga shi sun koma kashi 4.1. Mun leƙa Kakuri ko an buɗe masaƙa cikin dare, muka tarar da ciyawa na nan yadda take. Ashe ma'auni aka sauya: duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako, ma'aikaci ne. Don haka ɗan dattijuwar nan, da takardar shaidarsa a ƙarƙashin katifa, in ya riƙe wa abokinsa na'urar cire kuɗi ranar Asabar, ya samu aiki. Uwar kuwa cikakkiyar ma'aikaciya ce a wancan littafin. A naki littafin ba a ma haife ta ba.

Ba abin da ba a taɓa yi ba nake roƙo. Ƙasar Lesotho, da ba ta da rijiyar mai ko ɗaya, tun 2004 take ba waɗanda suka kai shekara 70 kuɗin tsufa, ko da ba su taɓa shiga ofis ba. A nan gida ma jihar Ekiti ta gwada a 2011, naira 5,000 duk wata ga tsofaffi marasa galihu.

In wannan ya yi miki nauyi, fara da bashin da ke ƙasa. Haƙƙin sallamar da ma'aikatan KTL ke bi ya kai wajen naira miliyan 687, masaƙar kuma ta jihohin Arewa 19 ce. Na yi miki lissafin don kada ki wahala: kowace jiha miliyan 36 da 'yan kai, kuɗin da yau ba zai sayi jif ɗaya ta ayarin gwamna ba. Ki isar musu da saƙon, su biya matan nan tun suna da rai.

Naki,
Wani ɗan Kakuri