Tsegumi: Masu Babur ɗin Sahara da Ba Sa Sauka Daga Kwalta

Ku matso kusa, kada maganar ta wuce nan. A cikin masu hawan manyan babura, waɗannan da ke haɗuwa ranar Lahadi da yamma su jera mashina a gefen titi suna murza salansa, akwai wani labari da ake ta yi ƙasa-ƙasa ana ƙunshe dariya. Wani ɗan gidan masu hali ne, ba za mu faɗi gari ba balle unguwa, ya sa aka yi masa odar Triumph Tiger 900. Dillalin ya tambaye shi wanne yake so, domin kamfanin kala biyu yake fitarwa a kan inji ɗaya: GT na kwalta, da Rally na daji. Gogan naku ko numfashi bai ja ba ya ce Rally, wai shi ya wuce hawa na 'yan koyo.

Mashin ya iso, aka fasa akwati, aka sha hotuna. Ranar fita ta farko danja ta tsayar da shi, ya miƙa ƙafa neman ƙasa, ƙasa ta ce ba ta nan. Allah bai hore masa tsayi ba, sirdin Rally kuwa ya ɗara na GT da kusan santimita 4. Mashin ya kwanta a hankali, mai shi ya bi shi. Bai ji ciwo ba, amma sai da 'yan talla biyu suka ajiye farantansu kafin aka tayar da abin. Majiyarmu ta ce washegari da sassafe aka ga yaronsa a wajen mai gyaran kujeru, ɗauke da sirdi a leda, ana roƙon a rage soso ba tare da an gane ba. An rage. An kuma gane.

Kafin ku gama dariya, bari mu faɗa muku abin da dillalin ya kamata ya zaunar da shi ya gaya masa, da a ce ba kamasho yake hange ba. Bambancin biyun nan daga ƙafar gaba yake farawa. Na kwalta yana da ƙafa mai inci 19, rim ɗinsa na zubi ne, tayarsa mai faɗi ce, tana kama titi sosai a kwana da lokacin taka birki. Na daji ƙafarsa inci 21 ce, rim mai wayoyi, taya siririya. Babbar ƙafa ta fi iya haye rami da dutse ba tare da ta kafe ba, siririyar taya kuma tana yanka rairayi ta riƙe hanya. Sai shoka: ta gaban GT tana lotsawa milimita 180, ta Rally kuwa 240. Wannan ƙarin shi ke shanye gargada, shi ne kuma ya ɗaga mashin sama har ƙafar mutuminmu ta rasa mataka. A kan kwalta doguwar shoka tana da nata halin, kana damƙe birki sai gaban ya dulmiya. Idan kuma ka ɗaura masa tayar daji mai manyan haƙora, kwaltar watan Afrilu za ta cinye ta kafin ka gama biyan bashinta, ga gurnani duk tsawon hanya.

To amma tsakani da Allah, ba shi kaɗai ba ne. Ku zaga ku duba mashinan da ake jerawa ranar Lahadi. Akwatunan alminiyam a gefe biyu, fitilun hazo, ƙarafunan kare inji, har da sitikar taswirar Afirka. Ku sunkuya ku leƙa farantin da ke ƙarƙashin inji: sumul, ko ƙwarzane babu. Wani an ce akwatinsa na dama cajar waya ce kawai a ciki, na hagu kuma hular zanna da yake sakawa idan ya cire ta kwano.

Kamfanonin sun san da haka, kuma sun daɗe da sani. Mafarki suke sayarwa, kuma abin da zai ba ku mamaki, mafarkin daga maƙwabtanmu aka ɗebo shi. Tseren Faris zuwa Dakar, wanda Bafaranshe Thierry Sabine ya kafa, aka kammala na farko a watan Janairun 1979, shekaru da yawa yana ratsa Agadas da hamadar Tenere a Nijar. Shi kansa Sabine ɓata ya yi a wannan yanki na Sahara a 1977, a wani tsere daga Abijan, ya fito da rai da kuma dabarar kasuwanci. BMW ya fitar da R 80 G/S a 1980, Hubert Auriol ya ci Dakar a kan BMW a 1981 da 1983, Gaston Rahier ya ƙara a 1984 da 1985. Honda ya karɓe daga 1986 zuwa 1989, ya haifi Africa Twin a 1988. Yamaha kuwa tun 1983 ya ɗauki sunan hamadar Nijar ya manna wa babur, har yau ana sayar da Ténéré a duniya. Tseren ya bar Afirka bayan an soke na 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ya koma Kudancin Amurka, tun 2020 kuma yana Saudiyya. Sunan Tenere dai ya ci gaba da kawo kuɗi. Ku tambayi mutumin Agadas ko an taɓa aiko masa da la'ada.

Ga wani labari da masu GS ɗin BMW ba sa son a tayar. A 2004 ɗan fim Ewan McGregor da abokinsa Charley Boorman suka tashi daga Landan zuwa New York ta gabas, ta Kazakistan da Mongoliya da Rasha, ana ɗaukarsu a kyamara. Boorman babur ɗin kamfanin KTM yake so. KTM ya janye, yana shakkar ko za su kai. BMW ya miƙa musu R 1150 GS Adventure, fim ya fita, ciniki ya buɗe, 'yan KTM suka ciji yatsa. Wannan kowa ya sani. Abin da ake tsallakewa shi ne, a Mongoliya babur ɗin mai ɗaukar musu hoto ya lalace, aka saya masa wani jan babur ƙirar Rasha mai araha a can. A cikin taɓo da duwatsu, yayin da taurarin biyu ke faɗuwa suna tashi da mashina masu nauyin gaske, ɗan jan nan tafiyarsa yake yi.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar ƙauye da damina bai buƙatar fim ya gaya masa wannan. R 1250 GS Adventure, da tankinsa mai lita 30 a cike, ya kai kilo 268. Boxer ɗin ɗan acaɓa bai kai rabin haka ba, kuma shi ke kai buhun masara biyu da mai masarar kasuwa ta cikin kwazazzabo. Idan ya kafe, mutum ɗaya ke ciccibo shi. Idan GS ya kwanta a rairayi, sai ka yi gayya.

Sai batun suna, inda ake yi wa masu kuɗi wasa da hankali. A 2018 BMW ya fito da F 750 GS da F 850 GS. Kowa ya ɗauka na farkon ƙaramin inji ne. Ina! Inji ɗaya ne a cikinsu, mai cc 853, sai dai an daƙile na 750 ya tsaya a ƙarfin doki 77, an saki na 850 ya kai 95. Ɗaya an ba shi ƙafar inci 19 don titi, ɗayan inci 21 don daji. An ce akwai wani Alhaji da ya ƙara maƙudan kuɗi ya ɗauki 850 don kawai kada a ce nasa ne ƙarami a cikin abokai, alhali tafiyarsa daga gida ce zuwa ofis. Da aka raɗa masa cewa injin da yake taƙama da shi kamfanin Loncin ne ke ƙera shi a Chaina, sai ya ce a canza magana. Ƙaninsa G 310 GS kuwa TVS ne ke haɗa shi a Indiya, TVS ɗin nan dai da kuke gani a jikin adaidaita sahu.

Honda ma ya yi wani abu a 2024 da masu lura suka gane. Africa Twin Adventure Sports, wanda ya fi tsada kuma aka fi saya don doguwar tafiya, an sauke ƙafarsa ta gaba daga inci 21 zuwa 19, aka rage masa tsayi. Kamfani ba ya yin haka sai ya duba inda masu sayen ke hawa. Suzuki ya raba V-Strom 800 gida biyu, DE na daji da ɗan'uwansa na titi. KTM ma ya fitar da 1290 Super Adventure S da R. Kowa ya shimfiɗa tabarma biyu, kowacce ka zauna shi ke karɓar kuɗin.

Yanzu kada ku ce mun yanke hukunci na kwalta ya ci. Akwai wani tsohon bakanike da manyan yaran nan ke kai wa aiki, mutum ne da ba ya son surutu, amma idan ya buɗe baki sai a yi shiru. Wani ya je masa da tambayar nan, ya ɗago kai ya ce, "Yallaɓai, wace kwaltar?" Hujjarsa ita ce Bature da ya zana na titi, titin ƙasarsu ya duba. A nan kana tafe a kan santsi, sai rami ya buɗe baki a bayan tirela ba sallama. Rim na zubi idan ya daki gefen rami da gudu yakan lanƙwashe ko ya tsage, kuma idan ya tsage sai sabo, sabon kuwa sai an yi oda an jira jirgi an ga kwastan. Rim mai wayoyi yana da sassauci, yana shanye dukan, idan ya karkace ana iya ɗaure wayoyin a daidaita shi. A ganinsa, mai bin manyan hanyoyinmu, inda ake karkatar da motoci zuwa burji saboda aikin da ba ya ƙarewa, doguwar shoka da babbar ƙafa ba ado ba ne a gare shi.

Mun yarda da shi, amma da sharaɗi, kuma shi ma bai musa ba. Da yawa daga masu rim ɗin wayoyi, irin su Ténéré 700 da V-Strom 800DE, tayarsu mai tif ce. Ƙusa ta shiga, iska ta fice nan take, sai an kwance ƙafa gaba ɗaya, kuma ba kowane mai faci ne ke da tif ɗin inci 21 a rataye ba. Tayar da ba ta da tif kuwa, a tsaye za a cusa mata abin toshi a ba ta iska ka wuce. Wasu kamfanonin sun yi dabara, sun ratsa wayoyin ta gefen rim yadda iska ba za ta zurare ba, ka samu biyun a haɗe, amma ka tanadi aljihu. Saboda haka mai hankali yakan tambayi wannan kafin ya tambayi kala. Ya kuma hau mashin ɗin da takalminsa, ya ga ko tafin ƙafarsa na taɓa ƙasa, musamman idan yana da niyyar goya uwargida.

Akwai kuma maganar da ba a so a yi a majalisar masu babura, don tana kashe hira. Dajin da ake sayen mashin dominsa, wa ke shigarsa yanzu? A Nijar an hana zirga-zirgar babura a yankin Diffa a 2015, aka ƙara da sassan Tillaberi a farkon 2020. A namu ɓangaren, jihohi da dama na arewa maso yamma sun sha saka dokoki a kan babura saboda 'yan bindiga. Mutum ya rufe fuska da hular kwano, ya sa baƙaƙen kaya, ya nufi hanyar daji a kan babur mai ruri, ko jami'in tsaro ko ɗan sa-kai ba wanda zai tsaya karanta sitikar taswirar Afirka. Shi ya sa yawancin masu Rally da R da DE iyakarsu bayan gari, inda ake haƙar ƙasar gini, su tayar da ƙura minti goma yaro na ɗauka a waya, su wuce wajen wanki.

Na ƙarshe, kuma wannan ku riƙe shi da kyau don ranar da wani mai KTM ruwan lemo zai yi muku ɗagawa. KTM na ƙasar Ostiriya, wanda masoyansa ke kallon kowa a raine, ya faɗa cikin bashi har ya kai kansa kotu neman a sake masa tsari a watan Nuwamban 2024. Wanda ya ciro shi daga ramin a 2025, da kuɗi kusan Yuro miliyan 800, shi ne Bajaj na Indiya, wanda tun 2007 ya fara sayen hannun jari a cikinsa, kuma dama shi ke ƙera ƙananan KTM irin su 390 Adventure a masana'antarsa ta Chakan kusa da Pune. Bajaj ɗin nan shi ne mai Boxer. An ce da labarin ya iso majalisar Lahadi, wani mai Super Adventure R ya rantse ƙarya ce, aka buɗe masa waya ya karanta da idonsa, ya ce shi dama yana tunanin komawa Ducati.